Keke a Jirgin Ƙasa: Ko Ya Zama Jaka, Ko Ya Zama Kaya

Wanda ya tashi daga Gusau ko Kaura Namoda da niyyar hawa jirgin ƙasa a yau, da mota zai fara. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tuƙe a Kaura Namoda a 1929, yana nan kwance, amma ba a kansa jama'a ke zirga-zirga ba yanzu. Jirgin da ɗan Zamfara ya fi hawa shi ne na Kaduna zuwa Abuja da aka buɗe a 2016, mai tashi daga Rigasa ya sauke a Idu, tafiyar kilomita 186. Mutanen Kebbi kuwa, layin dogo bai taɓa shiga jiharsu ba. Duk da haka tambayar ba ta daina tasowa, daga ɗalibin da zai koma makaranta, ko ɗan ci-ranin da yake son kekensa ya bi shi birni don ya huta da kuɗin mota, ko uban da ya sayo wa yaro keke a Abuja: za a bar ni in shiga da shi?

Mutane da yawa suna ɗauka amsar tana hannun ma'aikacin da ke bakin ƙofa, in ya tashi da fara'a ka wuce, in bai tashi da ita ba ka koma. Ba nan gizo ke saƙar ba. Jirgin fasinja a nan kaya iri biyu ya sani. Akwai na hannu, wanda mai shi zai ɗauka da kansa ya ɗora a kantar da ke saman kujeru ko ya tura a lungu. Akwai kuma wanda ake aunawa a sikeli, a biya masa, a ba da takarda, a sa shi a taragon kaya. Keken da ke tsaye a kan tayoyinsa bai shiga ko ɗaya ba. Ya fi ƙarfin kayan hannu, kuma ba a shirya shi ya zama kayan awo ba. Kusan duk cacar bakin da ake yi a tasha daga nan take fitowa, kuma maganinta shi ne mai keke ya zaɓi ɗaya tun yana gida, ya shirya keken daidai da zaɓinsa.

A fara da awo, domin shi ne ke yanke hukunci. Baƙin keken nan namu na gado, irin Raleigh da Phoenix da Hero, mai taya inci 28, tsawonsa ya kusa mita 1.9, nauyinsa tsakanin kilo 18 zuwa 22 ba tare da an ɗora masa komai ba. Faɗin kansa santimita 55 zuwa 60 ne. Keken zamani mai giya, irin na hawa tudu da ake shigowa da shi gwanjo, ya fi sauƙi, kilo 13 zuwa 16, amma kansa ya fi faɗi, wani ya haura santimita 70. Ƙofar taragon fasinja kuwa don mutum ɗaya da jakarsa aka yi ta. Ko keken ya shige ƙofar, wahalar tana gaba: bayan ƙofa akwai ɗan fili, daga nan sai a karya kwana a shiga tsakanin kujeru. Abu mai tsawon kusan mita biyu ba ya karya wannan kwanar yana kwance, sai an ɗaga gabansa sama an tsayar da shi a kan tayar baya. A tsoffin tashoshi da dandamalinsu yake ƙasa, ƙari a kan haka sai ka hau matakala masu tsayi da kilo 20 a kafaɗa, mutane na turo ka ta baya, jirgin kuma ba zai wuce 'yan mintoci a tsaye ba. Ma'aikacin da ya hana ka, yawanci wannan cunkoson yake hangowa, da kuma ƙofar da dole ta kasance a buɗe in wani abu ya faru.

Akwai kuma lissafin kuɗi, wanda ba a cika faɗa wa fasinja ba. In za a ware wurin jingina keke a cikin tarago, sai an cire layi biyu na kujeru a gefe ɗaya, kujera huɗu ke nan, wurin kuma ba zai ɗauki fiye da keke uku ko huɗu ba. Kowane keke ya ci kujerar mutum ɗaya. Shi ya sa ko a ƙasashen da keke yake da gata ake yi masa iyaka. Dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta ce sababbin jirage da waɗanda aka yi wa babban gyara su ware wurin keke aƙalla huɗu. A Jamus, jirgin ICE 4 mai kujeru sama da 800 wurin keke takwas kawai gare shi, kuma sai ka kama wuri tun kafin tafiya. A Holan, inda kusan kowa ke da keke, an hana shiga jirgi da shi a ranakun aiki daga 6:30 zuwa 9:00 na safe da kuma 4:00 zuwa 6:30 na yamma, in ban da watannin Yuli da Agusta, amma keken da ake naɗewa yana wucewa kyauta in an naɗe shi. Japan ta ɗauki wata hanyar: kwance keken, saka shi cikin jaka ruf ba abin da ya leƙo, tsawo da faɗi da tsayi in an haɗa kada su wuce santimita 250, nauyi kada ya wuce kilo 30, sai ka shiga ba ko sisi. Indiya kuwa ofishin kaya ake kai shi, a yi masa takarda, ya bi ka a taragon kaya. Tsarin Japan da na Indiya su ne suka fi kusa da halin da muke ciki, domin ba sa buƙatar a sake wa tarago fasali.

Taragun layin Abuja zuwa Kaduna na zama ne: kujeru, hanya a tsakiya, kantar kaya a sama. Ba su da ƙugiyar rataye keke. Tikitin da ka yanka ta intanet na kujerarka ne kurum. Saboda haka abin da ya fi dacewa shi ne ka je tasha kwana ɗaya kafin tafiya, ko ka tura ɗan'uwa da ke garin, a tambayi ma'aikatan Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya abu uku a fili: jirgin da zan hau yana karɓar kaya masu girma, a ina ake sa su, kuma nawa ake biya. A tafi da awon kwalin da nauyinsa a rubuce. "Ina da keke" tambaya ce da ke jawo "a'a" nan take. "Ina da kwali mai tsawon santimita 140, kilo 18" tambaya ce da ake iya amsawa. Kuma a riƙe wannan: tun bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris, 2022, wanda ya tsayar da zirga-zirga har zuwa Disambar shekarar, binciken kaya a ƙofar shiga ba wasa ba ne. Kada ka like kwalinka like na ƙarshe a gida. Ka bar bakinsa na sama, ka riƙo salatif a aljihu, in an duba an gamsu ka rufe a gabansu.

Keken da ake naɗewa shi ne ba shi da matsala. Mai taya inci 20 in an naɗe shi bai wuce kimanin santimita 80 da 65 da 40 ba, mai inci 16 irin Brompton ya fi haka ƙanƙanta, kusan 59 da 57 da 27, nauyi kilo 11 zuwa 13. A sa shi cikin jaka ko babban buhu mai tsabta don kada sarƙa ta shafa wa wani baƙin mai a farar shadda, shi ke nan ya zama jaka. Abu ɗaya: kada a ɗora shi a kantar sama. Ƙarfe mai kilo 12 da ya zamo daga can ya faɗo kan mutum ba ƙaramin rauni zai yi ba. Wurinsa ƙasa, a bayan kujerar ƙarshe ko a gaban ƙafafunka.

Keken zamani mai giya da birkin waya shi ma yana iya zama jaka, in an yi haƙurin minti talatin zuwa arba'in. Ana buƙatar sifana mai lamba 15, alanki mai lamba 4 da 5 da 6, salatif, robar tsohon tiyub da aka yanka tsiri-tsiri, da kwali. Kwalin da sababbin kekuna ke zuwa a ciki shi ya fi, yawanci kimanin santimita 140 da 20 da 78, kuma masu sayar da kekuna a kasuwa sukan bayar ko su sayar da arha. In babu, kwalin firji ko na babbar talabijin ya isa a yanka.

A fara da feda, domin ita ce ke ba da wahala, kuma tana buƙatar keken yana tsaye a kan tayoyinsa. Fedar dama tana kwancewa yadda kowane noti ke kwancewa, ta hagu kuwa tiredinta a juye yake, da gangan aka yi shi haka don kada tuƙi ya warware ta. Mutane da yawa suna ta ƙara ɗaure ta suna zaton kwancewa suke, har tiredin ya lalace. Hanyar da ba a ɓata: sa sifanar hannunta yana kallon sama, ka tura shi wajen bayan keken, a kowane gefe. Fedar da ta shekara ba a taɓa ta ba takan cije, musamman in ta sha damina. A ɗiga mata kananzir ko baƙin mai tun daren jiya, kada a bari sai an iso tasha.

Sannan a mayar da sarƙa kan babban haƙorin baya, don na'urar canja giya ta shige ciki kusa da taya. Wannan na'urar ita ce mafi rauni a jikin keken. Tana rataye ne a wani ɗan ƙarfe mai laushi da aka yi shi don ya lanƙwashe maimakon firam ya karye, kuma bugu kaɗan ya ishe shi. In ya lanƙwashe, giya za ta riƙa tsalle, wani lokaci na'urar ta shige cikin sifok ta tsinke su. Wanda yake son kwanciyar hankali ya kwance ta gaba ɗaya da alanki 5, ya naɗe ta da tsumma, ya ɗaure a jikin firam ba tare da ya cire wayar ko sarƙar ba.

Kafin a zare sirdi a naɗa salatif a daidai inda sandarsa ta shiga firam, don a gane tsayin da aka saba. A saki birkin gaba, a cire tayar gaba. Da zarar ta fita, ƙafafun fok, wato ƙarfe biyun da ke riƙe tayar gaba, sun zama marayu: in aka danne kwalin ta gefe za su matse, tayar ta ƙi komawa. A yanko guntun katako mai tsawon santimita 10 cif, a sa tsakaninsu a ɗaure. In birkin faifai ne mai aiki da mai, a cusa guntun kwali mai kauri tsakanin robobin birkin, domin in wani ya matse hannun birki babu faifai a ciki, za su haɗe, raba su kuma aiki ne. Kan keken a kwance shi ko a juya shi ya bi tsawon firam, a kula kada wayoyin birki su karye a gindinsu. Tayar da aka cire ta kwanta a gefen hagu na firam, gefen da babu sarƙa, da fallen kwali a tsakani. Bakin aksil ɗinta, wato ƙarfen da ke tsakiyar tayar, yana da kaifi, kafin a yi nisa ya huda kwali ya fito ya yagi ƙafar wani. Murfin robar ruwa guda biyu, ɗaya a kowane baki, a like da salatif, sun magance wannan. Feda da notuna da washa duk su shiga leda ɗaya a ɗaure ta a jikin firam, kada a watsa su a gindin kwali, domin ta ramin hannu suke zubewa. A ƙarshe a girgiza kwalin. In an ji wani abu yana kaɗawa, yana cin fenti ke nan, a buɗe a ƙara tsumma.

Baƙin keke mai birkin sanda labarinsa daban ne, kuma a ganinmu kuskure ne a yi ƙoƙarin mayar da shi jaka. Birkinsa ba waya ba ce da za ta lanƙwasa ta bi kan keken duk inda ya juya. Sanduna ne na ƙarfe da suka sauko daga hannu, ɗaya zuwa tayar gaba, ɗaya ta bi ƙarƙashin firam zuwa baya. In ka sassauta notin wuya ka murɗa kan da ƙarfi, sandunan za su lanƙwashe, birkin kuma ba zai ƙara kamawa daidai ba. Tayar gaba ba ta fita sai an cire robobin birki, madigadi na biye da ita, ta baya kuwa in akwai gidan sarƙa rufaffe, aikin mai gyara ne na rabin yini. Ga shi tsoffin kekunan Ingila notunansu ba su bin lambobin sifanar da aka saba, sai an haɗa da sifana mai buɗewa. Bayan duk wannan wahalar, abin da ka samu har yanzu ya fi kilo 20, kuma bai shiga kwali ba.

Wannan keken kayan awo ne, a shirya shi a haka. A cire feda biyu, madubi, ƙararrawa, fitila da kwandon gaba in akwai. A sauke sirdi ƙasa. In ana son juya kan, a fara sa alama da maka, wato alƙalami mai kauri, a kan sandunan birki daidai inda ƙananan notunan suka kama su, a sassauta notunan har sandunan su zare, sannan a sassauta dogon notin da ke saman wuya zagaye uku ko huɗu, a ɗan buga kansa da katako ya faɗa ciki, kan zai juya cikin sauƙi. Da feda a cire da kai a juye, keken da ke cin faɗin santimita 60 ya koma kamar 25. A naɗe firam da buhu ko kwali, a rufe sarƙa, a ɗaure sitan a jikinsa don kada ya buɗe ya kama kayan wani. Kada a bar kaya a kan kariya. Buhun gero a bayan keke yana mayar da nauyi sama, keken ya riƙa neman faɗuwa, kuma ma'aikacin awo zai ce a raba su ko ta yaya.

Jiragen tsohon layi, mai faɗin milimita 1,067, sun saba jan taragon kaya tare da na fasinja, kuma a can ne keke ya fi samun wuri. A can ne kuma ya fi shan wuya, domin maƙwabtansa buhuna ne da akwatuna da keken ɗinki. Abin da ke lalata shi ba gudun jirgi ba ne, fizga ce. Tsakanin tarago da tarago akwai ɗan sako-sako a mahaɗa, duk lokacin da kan jirgi ya ja ko ya taka birki sai fizgar ta bi taragun ɗaya bayan ɗaya. Keken da aka jingina yana bin tsawon jirgi zai gangara gaba ya dawo baya, wanda aka gitta kuma zai kife. Don haka a jingina shi a bango yana bin tsawon tarago, gefen sarƙa yana kallon bango in ba mai giya ba ne, a matse hannun birkin gaba a ɗaure shi da roba don taya ta kulle, sannan a ɗaure firam a wuri biyu, kusa da wuya da kuma ƙarƙashin sirdi. Ɗauri ɗaya a tsakiya yana barinsa ya riƙa lilo. Kada a ɗaura igiya a sifok ko a wayar birki. Kada kuma a dogara da sitan, fizgar farko za ta kayar da shi. In dole sai an kwantar da mai giya, gefen sarƙa ya kalli sama, kuma a roƙi masu lodi kada su ɗora komai a kan taya: buhu ɗaya a kan rim ya isa ya mayar da shi kamar faifan da ya sha rana. In kekuna sun yi yawa, a jera su kai da gindi, na mai sauka da wuri a waje.

Takarda kuwa, a karɓe ta a adana, a duba an rubuta tashar sauka daidai. A rubuta suna da lambar waya da tashar sauka a wuri biyu, ɗaya a jikin kunshin, ɗaya a ɗaure a firam daga ciki, domin na waje yakan yage. A ɗauki hoton keken ta gefe biyu kafin a miƙa shi, da hoton lambar firam, wadda ke ƙarƙashin inda feda ke juyawa, ko kuma kusa da gindin sirdi a wasu tsoffin kekuna. Rasit ɗin saye ma a riƙo shi. Zamanin En'e har lasin ake yankar wa keke, yau babu wannan, amma a hanyoyinmu masu yawan shingen bincike, mutumin da ke ɗauke da keke a kwance cikin buhu zai sha tambayar na wane ne.

A rabu da al'adar sace iskar taya gaba ɗaya. Taya mai iska ita ce ke kare rim daga bugu, wadda ta lotsa kuma tana barin rim ya ciji tiyub ya huda shi wuri biyu. In ana cikin zafin Maris da Afrilu, keken kuma zai yini a rana a saman mota da tsohon tiyub mai faci da yawa, a rage kaɗan kawai.

Keken lantarki, wanda ya fara yawa tun da man fetur ya yi tsada, yana da tasa matsalar, kuma ba nauyinsa ba ce kaɗai, kodayake yakan kai kilo 25 ko fiye. Batirinsa ne. Batiri mai bolt 36 da amfiya-awa 10 yana riƙe da wat-awa 360 (wat-awa shi ne ma'aunin yawan wutar da batiri ke ɗauka), fiye da ninki uku na wat-awa 100 da jiragen sama ke bari fasinja ya shiga da shi ba tare da izini ba. Batirin litiyam in ya bugu ko ya huje ko ya yi zafi fiye da kima, yana iya kamawa da kansa, wutar tana ciyar da kanta, ga hayaƙi mai guba, a cikin tarago mai rufaffun tagogi. Saboda haka ne hukumar sufuri ta Landan ta hana shiga yawancin jiragenta da keken lantarkin da ba a naɗewa tun daga 31 ga Maris, 2025. Mafi haɗari su ne kekunan da aka maƙala wa inji da batirin haɗe-haɗe a bakin kasuwa. Mai irin wannan keken ya faɗi gaskiya tun wurin tambaya. In an yarda, ya cire batirin, ya rufe bakinsa da salatif, ya riƙe shi kusa da shi inda zai gan shi, kada ya sa shi caji a jirgi. Batirin da ya kumbura ko ya tsage bai kamata ya hau ba sam. Babur kuma ba ya cikin wannan zancen.

Ga masu mulki ma akwai abin dubawa. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa, kuma ana kan gina layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya. Duk ranar da za a sayi taragu don yankinmu, lokacin yin magana shi ne kafin a ƙera su. Tashar jirgi ba ta zuwa ƙofar gidan kowa. Manomin da ƙauyensa ke kilomita 10 daga tasha tafiyar awa biyu ce a ƙasa, a keke kuwa minti arba'in. Abin da ake buƙata bai da yawa: fili ɗaya a tarago ɗaya, kusa da ƙofa mai faɗi, da kujerun da ke naɗewa a bango da ƙarfen ɗaure igiya. Ƙugiyar rataye keke a tsaye irin ta Turai ba ta dace da mu ba, don ba kowane dattijo ne zai ɗaga kilo 20 sama da kansa jirgi na tafiya ba, madigadin baya kuma yakan murƙushe a ƙasa. Wannan filin shi ne kuma zai ɗauki keken guragu.

Sai dai a gaskiya, ga ɗan Zamfara, yawancin ɓarnar ba a jirgi take faruwa ba. A mota take faruwa, tsakanin Gusau da Kaduna ta Funtuwa da Zariya, inda ake cusa keke a but a danne murfi a kansa da igiya, ko a ɗora shi a sama a ja roba har sai rim ya yi ƙara. Ka tsaya a wurin lokacin lodi. Ka ce wa yaron mota kwalin a tsaye yake tafiya, ba a kwance a ƙarƙashin buhuna ba, in kuma sai an biya kuɗin kujera ɗaya don haka, ya fi kuɗin sabon rim da ɗaurin sifok.

In an sauka, a duba kaya tun a tasha, a gaban wanda ya miƙo su, domin ƙorafin da aka kawo washegari ba shi da mai saurare. Wurin haɗawa, a nemi gefe nesa da bakin dandamali. A duba harafin da ke jikin kowace feda, R ta dama, L ta hagu, a shafa ɗan giris, a fara ɗaura ta da yatsu zagaye uku ko huɗu kafin sifana ta taɓa ta. In ta yi tauri tun zagayen farko, ta hau a karkace, a fitar a sake, domin hannun feda na alminiyam ba ya yafe wannan. Tayar gaba ta zauna har ƙarshen ramin fok, a ɗaure notunan biyu kaɗan-kaɗan bi da bi don ta tsaya a tsakiya. A mayar da birki, a ɗaga keken a juya kowace taya ana kallon tazararta da robar birki: in tana taɓawa tana saki, rim ya ɗan karkace, mai gyara zai daidaita shi da sifok, amma in ta kama ta tsaya cik, kada a hau. A tsaya a gaban keken, a matse tayar gaba tsakanin gwiwoyi, a murɗa kan da ƙarfi. In ya juya tayar ba ta bi shi ba, notin wuya bai ɗauru ba, kuma wannan ne ke kayar da mutum a kwanar farko. Mai birkin sanda ya mayar da sandunan daidai kan alamar makar da ya yi, ya gwada birkin gaba da na baya yana tura keken a ƙasa, sannan ya tura shi har wajen harabar tasha kafin ya hau.